Mai jinya da za ta kwana da Hajiya a gida, ta ya ake gane ta ƙwarai?

Daga Rijiyar Zaki:
Salam jama'a. Dan Allah wa ya taɓa ɗaukar mai jinya wadda ke zama da mara lafiya dare da rana? Hajiyarmu ce ta samu shanyewar ɓarin jiki, sati biyu kenan da aka sallamo mu daga Asibitin Malam Aminu Kano, mu uku ne mata duk muna ɗakin miji, autanmu kuma namiji ne ba zai mata wanka ba. An ba mu lambar wani kamfani, wata kuma ta ce mu sa dillaliya ta kawo mana mace daga ƙauye.

Daga Gwammaja:
Allah ya ba Hajiya lafiya. 'Yar uwa ko wa kika ɗauka ki riƙa duba bayan Hajiya da idonki. Tamu da muka ɗaukar wa Inna kullum muka je ɗaki fes, turaren wuta na tashi, an kafa mata ɗauri, sai mu yi ta shi wa matar albarka ashe gaba kawai ake gyarawa. Rannan na ce bari in canza mata zani da kaina, ina juya ta na ga gyambo a ƙugunta ya kai faɗin murfin kofi, wlh sai da na zauna daɓas a ƙasa. Likita ya ce wanda ba ya iya motsi duk awa 2 ake juya shi har cikin dare, ita kuwa baiwar Allah tana yin shafa'i da wutiri sai barci sai asuba. Wata huɗu muna wankin ciwon nan. Ƙugu, dunduniya da kafaɗa, nan yake fara cin mutum, da kin ga wurin ya canza launi kar ki jira.

Daga Hotoro:
Farin kaya ba shi ne nas ba fa. Wanda aka turo wa Babanmu cewa ya yi shi nas ne, ya yi masa allurar insulin bai ci komai ba, sai ga tsoho yana gumi yana karkarwa, da muka gwada suga ya yi ƙasa da 70. Ashe a kyamis ya koyi allura. In har za a taɓa allura ko robar fitsari ku ce a nuna lasin na hukumar nas-nas da ungozoma ta ƙasa, ana sabunta shi, ku duba kwanan wata. Ku karɓi kwafin NIN, ku je ku ga mai tsaya mata a gidansa, ba a waya ba.

Daga Ɗorayi:
Ni aikin nake, shekara shida, to ku ma ku ji naku. Za a ɗauke ka jinya gobe a haɗa maka girki da wanki da rainon jikoki, ka kwana juya mara lafiya ka wuni a tsaye, albashi kuma sai ka yi ta bi kamar bashi. Mutum ɗaya ba ya iya dare da rana gsky, ko ku ɗau biyu ko ku raba kwana tsakaninku. In kina son gwada ta Hajiya, ranar farko ba ta koko ta ba mara lafiyar ki koma gefe. In ta ba ta a kwance ba ta tayar da ita zaune ba, ba ta san aikin ba, masu shanyewar jiki sarƙewa suke. Ki ajiye littafi a rubuta lokacin magani da awon jini.

Daga Tarauni:
Mu kyamara muka sa, kuma zuwa ba sanarwa.

Daga Gwammaja:
Kyamara a ɗakin da ake wa tsohuwa wanka? A'a wlh, sai dai falo.

Daga Rijiyar Zaki:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yi magana da Yaya, ita za ta ɗau kwanan Litinin da Talata. Ta Ɗorayi dan Allah in dare kawai za a yi, ƙarfe nawa kuke karɓar aiki?