An yi kukan Twitter, wa ya yi kukan layin Zamfara?

Malam Usman, Agege: Assalamu alaikum jama'a. Kan gayyatar da aka aiko mana ta shiga gamayyar masu kare haƙƙin jama'a a intanet a nan Legas, ra'ayina kada mu shiga. Mu kafa tamu ta 'yan Arewa mazauna Kudu. Ku tuna 2021. A watan Yuni gwamnatin Buhari ta rufe Twitter, gari ya ɗauki zafi, ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta SERAP da wasu suka je kotun ECOWAS, a Yulin 2022 kotu ta ce rufewar ta saɓa doka. A Satumbar shekarar hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta sa aka kashe layukan waya a Zamfara baki ɗaya da sunan yaƙi da 'yan bindiga, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna. Ba kira, ba tura kuɗi. Ku auna hayaniyar da aka yi kan na farko da wadda aka yi kan na biyu, za ku ga matsayinmu a wurinsu.

Hajiya Binta, Mile 12: Wa alaikumus salam. Malam ya taɓo inda yake mana ciwo. A lokacin, mota ta taso da kaya ba ka san inda take ba sai ka gan ta a bakin kasuwa. Yaran da ke mana dako sun yi makonni ba su ji muryar iyayensu ba, wanda ke can kuma sai ya hau mota ya tsallaka wata jiha kafin ya kira. Ban ga wanda ya zo kasuwa ya tambaye mu asarar da muka yi ba.

Barista Zainab, Ikeja: Hajiya, abin da kika faɗa gaskiya ne, kuma ba ƙaramin zalunci ba ne. Amma Malam Usman, ka bar rabin labarin. Ƙungiyoyin nan sun fitar da sanarwa suna adawa da rufe layukan. Abin da suka rasa shi ne mutanen da abin ya shafa su tsaya a bayansu. Wa ya nemi a rufe? Gwamnan Zamfara na lokacin, Matawalle. Wane ne ministan sadarwa a lokacin? Isa Ali Pantami. Mu da yawa tafi muka yi, muna cewa in dai za a gama da 'yan bindiga a rufe har shekara. Lauya ba ya shiga kotu da labarin da ya ji a rediyo, sai da wanda zai sa hannu a takardar rantsuwa ya ce ni aka cuta, ga abin da na rasa.

Malam Usman: Barista, mutumin da ake kashe masa dangi za ki ce ya yi ƙarar gwamnati don an kashe masa layi?

Barista Zainab: A'a Malam, ba shi ba. Mu da ke zaune lafiya a Agege da Idi-Araba, da wayoyinmu a kunne, mu ya kamata mu yi. Kuma ba yau aka fara ba. Ƙudirin taƙaita kafafen sada zumunta na 2019, Sanata Mohammed Sani Musa na Neja ne ya kawo shi. Na kalaman ƙiyayya, Sanata Aliyu Sabi Abdullahi, shi ma na Neja. Da Majalisar Dattawa ta yi zaman jin ra'ayin jama'a a Maris ɗin 2020, akasarin waɗanda suka yi magana sun ƙi ƙudirin na farko, ya mutu a nan. A cikinmu nan wa ya rubuta takardar matsaya ko shafi ɗaya?

Ɗanladi, Computer Village: Anti Zainab, ni ina tsakiya. Ban goyi bayan ware kai ba, amma yadda ake taron nan ma korar mutane yake. A otal a Victoria Island, ranar aiki, da Turanci daga farko har ƙarshe. Ni a shagona abin da ke kawo mutanenmu daban ne. Tun da aka ce a haɗa layi da NIN a Disambar 2020, har aka toshe kiran waɗanda ba su haɗa ba a Afrilun 2022, mai shayi da ɗan acaɓa da mai gadi ne ke zuwa min: sunan da ke katin ya bambanta da na layin, an rubuta Muhammadu nan, Mohammed can, ranar haihuwa kuma wadda ma'aikaci ya ƙiyasta. Sai masu ba da bashi ta manhajar waya, da ke kwashe lambobin mutum su aika wa surukansa cewa ɓarawo ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In babu mu a zauren, wa zai faɗi wannan?

Malam Usman: To ai maganata ke nan, Ɗanladi.

Ɗanladi: Ba ita ba ce Malam. Kai ka ce mu fita, ni na ce mu shiga mu sauya wurin taron da harshensa.

Maryam, Yaba: Baba Usman, ka yi haƙuri in sa baki. A Nuwamban 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse kan rubutu ɗaya a Twitter. Bahaushe ne, amma masu neman a sake shi sun fito daga kowane sashe na ƙasar nan, har aka janye ƙarar. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 bai taɓa tambayar ƙabilar wanda za a kama ba, kuma shekaru ana matsa lamba tare kafin a yi masa gyara a 2024. In mun ware, ranar da aka ɗauki ɗayanmu daga Alaba Rago, mu nawa za mu tsaya a ƙofar ofishin 'yan sanda?

Hajiya Binta: 'Yata, na ji ki. Amma a faɗi ɗaya abin da kowa ke kewayewa: kuɗin tallafi. Ana haɗuwa lafiya, ranar da kuɗi ya shigo sai ƙungiya ɗaya ta zama uku. Na gani a ƙungiyar kasuwa, ba sai an ba ni labari ba. Duk inda za mu shiga, a rubuta wa ke riƙe asusu, kuma a riƙa karanta lissafi a gaban kowa.

Malam Usman: Ko da za a shiga, dattijo ne zai wakilce mu, da sanin Sarkin Hausawa. Ba za a tura yara su je su yi ta gyaɗa kai ba.

Barista Zainab: Albarkar dattawa muna bukatarta, da ita za a buɗe mana ƙofar masallatai da kasuwanni. Amma kujerar tana son wanda zai zauna ya karanta ƙudiri sashe-sashe. Ƙudirin 'yancin intanet da ƙungiyar kare haƙƙin intanet ta Paradigm Initiative ta daɗe tana bi ya wuce majalisa, Buhari ya ƙi sa hannu a 2019, suka koma suka sake farawa. Dokar kare bayanan sirri sai a Yunin 2023 Tinubu ya sa mata hannu. Aikin shekaru ne, kuma mutum ɗaya gajiya yake yi, ko a ba shi muƙami ya tafi da komai a kansa. Shawarata a tura uku: dattijo, mace, matashi, a sauya su duk shekara biyu. Duk wanda ya je taro ya dawo ya yi bayaninsa da Hausa a saƙon murya, don masu dako su ji. Mu kuma nemi cibiyar fasahar sadarwa ta CITAD da ke Kano, sun daɗe a wannan fagen, ta horar mana da matasa.

Maryam: A saka maganar mata a sharaɗi tun yanzu. 'Yan mata nawa ake yi wa barazana da hotunansu, suna tsoron gida ya ji fiye da tsoron mai barazanar.

Malam Usman: Ban sauka daga ra'ayina ba. Amma ga sharaɗina: su rubuta a takardar gamayyar cewa kashe layin waya a kowace jiha daidai yake da rufe Twitter, kuma za su bi shi har kotu. In sun ƙi, Barista, ke za ki rubuta mana tsarin mulkin tamu.

Barista Zainab: Na yarda. Zan tsara wasiƙar, Ɗanladi ka tattaro mana mutum biyar masu matsalar NIN da suka amince a ambaci labarinsu. Mu haɗu Asabar a Agege bayan la'asar.

Hajiya Binta: Asabar motoci ke sauke kaya, ba zan samu fita ba. A mayar Lahadi, zan zo da direbobi biyu 'yan Gusau su faɗi nasu da bakinsu.