Wai guba nake ba 'ya'yana?

Maman Hanifa: Jama'a, raina a ɓace yake. Jiya yayar mijina ta shigo ina yanka tumatir, ta ɗauki guda ta shinshina, ta ce guba nake ɗura wa yarana tunda ban sayi na oganik ba, wato wanda aka noma ba da takin zamani ko maganin feshi na zamani ba. A gaban yaran fa! Ina wankewa sau biyu, ina dafawa. Ashe na yi laifi?

Abban Sadiq: Gaskiya ɗaci gare ta, Hajiya. Duk abin da ke kashe ƙwaro guba ne. A 2015 sashen binciken kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce mai yiwuwa glyphosate na haddasa kansa.

Malam Ɗanlami: Wannan maganin ciyawa ne, kai kuma kana zancen ƙwaro. Guba da gwargwado take, gishiri ma in ya wuce kima sai ya kwantar da mutum. Masu oganik ɗin ma feshi suke yi, da sinadarin jan ƙarfe.

Abban Sadiq: Gishiri za ka haɗa da maganin feshi? Haba Malam! Lasa cokali ɗaya mu gani.

Anti Balki: A Jamus, 2011, mutum sama da 50 suka mutu, aka bi sawu har gonar oganik mai tsiron hulba. Ita wannan ba guba ba ce?

Abban Sadiq: Ƙwayar cuta ce, ba guba ba. Ki dinga bambancewa.

Anti Balki: Ni za ka ce wa in dinga bambancewa? Na yi ɗa da kai, yaro.

Abban Sadiq: Allah ya ba ki haƙuri, Anti. Amma kowa ya san Malam ɗan'uwanki ne, kuma taki yake sayarwa.

Malam Ɗanlami: Kafin in sayar da buhu ɗaya na yi shekaru ina kaftu da hannuna. Siri Lanka ta hana shigo da takin zamani a Afrilun 2021, shinkafa ta yi ƙasa, kafin shekarar ta ƙare suka janye dokar. Yunwa ma tana kisa.

Ummu Aisha: Masanan Jami'ar Stanford a 2012 sun ce amfanin da jiki ke samu daga abincin oganik da wanda ba na oganik ba kusan ɗaya ne, sai dai ragowar maganin feshi ya fi ƙaranci a na oganik.

Anti Balki: Sai ya janye maganar ɗan'uwa tukuna.

Maman Hanifa: Don Allah, ni fa tambayata ita ce ko na cuci yarana.

Shugaban zaure: To, mun rufe. Abin da ya fito fili shi ne masana sun ce amfaninsu kusan ɗaya ne, kuma Siri Lanka ta gwada ta sha wuya. Malam ya yi magana da sani. Abban Sadiq bai kawo hujja ba, sannan ya taɓa mutuncin manya, don haka ya nemi afuwar Anti Balki kafin ya sake rubutu a nan.