Maɓallan sauti suna aiki sau biyu a Xfce, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na ɗora Debian (wani nau'in Linux) da Xfce (manhajar fuskar tebur) a laftof ɗina, komai lafiya lau sai maɓallan sauti. In na danna na ƙarawa, murya sai ta haura mataki biyu. Na kashewa kuwa ya fi damuna, yana kashe sauti ya sake kunna shi nan take.

Zargina acpid (manhajar da ke sauraron maɓallai na musamman a bayan fage) ne ke kama dannawar, domin umarnin acpi_listen, mai nuna abin da acpid ya kama, na nuna button/mute, sannan manhajar sauti ta PulseAudio ta kan sandar Xfce ita ma ta kama. Da na tsayar da acpid matsalar ta kau, amma maɓallan hasken allo suka daina aiki, ga shi da dare nake karatu.

Don Allah, wane fayil zan taɓa cikin /etc/acpi/events har acpid ya saki maɓallan sauti kaɗai?