Tsawon sejburosh a makiyayun yammacin Amurka: gado ne ko aikin ƙasa?

Ɗalibin Gandun Daji: Assalamu alaikum. Akwai abin da ya shige mini duhu game da sejburosh, wato Artemisia tridentata, ɗan itacen nan mai ganye ruwan toka wanda ya mamaye busassun makiyayun Utah da Nevada da Idaho da Wyoming, ɗan'uwan tazargaden da muka sani. A gangare ɗaya, wanda ya fito cikin kwari yakan fi mutum tsawo, alhali na kan tudu da ƙyar yake kai ƙugu. Shin danshin ƙasa ne kaɗai ya raba su, ko kuwa tun asali ba iri ɗaya ba ne?

Malamin Tsirrai: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Danshi yana da nasa rabo, amma gado ya fi ƙarfi a nan. Manyan nau'o'in wannan tsiro uku ne. Akwai tridentata na kwari mai zurfin ƙasa, wanda kan kai mita 2 zuwa 3. Akwai vaseyana na kan duwatsu. Sai wyomingensis, wanda Beetle da Young suka bayyana a 1965, gajere ne da ba kasafai yake wuce mita ɗaya ba, kuma shi ne yake jure wa ƙasa marar zurfi da ƙarancin ruwa.

Hanyar rarrabewa kuwa ita ce a tattaro iri daga wurare dabam-dabam a shuka a gona ɗaya, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya. McArthur da Welch sun buga sakamakon irin wannan gwaji a 1982, sai aka ga na kwari bai fasa saurin girmansa ba, shi kuwa wyomingensis bai miƙe ba duk da ya sami gata. Da ƙasa ce kaɗai ke aikin, da sun yi kai ɗaya.

Mai Nazarin Gado: Allah ya ƙara basira, Malam. Abin da ya fi burge ni shi ne lissafin kuromosom, wato zaruruwan da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayar halitta: na kwari yawanci 18 gare shi, gajeren kuwa 36, wato ninki biyu. Mutum zai zaci wanda ya fi yawa shi ne zai fi girma, amma a nan akasin haka ne, domin mai ninkin ya fi jinkirin girma, kuma wannan jinkiri ya dace da wurin da ruwan shekara bai taka kara ya karya ba, tunda ƙaramin jiki ba ya shan ruwa da yawa.

Sai dai kada mu kore ƙasa gaba ɗaya. A Salt Creek da ke Utah, inda na kwari da na dutse suke barbara, an yi musayar dashe tsakanin saman gangare da ƙasansa, aka tarar kowanne ya fi yin kyau a mazauninsa, barbarar yanyawar kuma ta fi ƙarfi a tsakiya.

Ma'aikaciyar Makiyaya: Wannan tambaya ba ta aji kaɗai ba ce, shi ya sa take ci mini rai. Idan gobara ta cinye wannan sejburosh ba ya tohowa daga kututture, sai dai daga iri, ga kuma baƙuwar ciyawar nan Bromus tectorum da ke bushewa da wuri tana ƙara yawan gobarar, ta riga kowa mamaye filin. Don haka dole ne a sake shukawa da hannu. Wanda ya ɗebo irin dogon sejburosh na kwari ya watsa a kan busasshen tudu, yana tsammanin babban itace, zai iya ganin tsiro a shekarar farko, amma da wuya ya tsallake fari, kuma wani tsuntsu na makiyayar mai kama da zabo, wanda kusan ganyen sejburosh kaɗai yake ci a hunturu, shi ne zai rasa abinci da maɓuya.

Ɗalibin Gandun Daji: Na gode ƙwarai, malamaina. To, a fili, yaya ake gane nau'in da ake tsinkar irinsa?

Malamin Tsirrai: A murtsuke ganye a cikin ruwa, a haska shi da fitilar altrabayolet, mai hasken da ido ba ya gani, a cikin duhu. Na dutse yana ba da shuɗin haske mai ƙarfi, sauran biyun kuwa kaɗan ne ko babu, sai a koma ga siffar ganye da zurfin ƙasar wurin.