Jirgin Enola Gay da kwanon abincin 'yar makaranta

Baban Walid: Jama'a, abin nan ya tsaya mini a rai tun jiya. Gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian da ke Washington ya shirya baje koli a 1995, cikar shekara 50 da jefa bam ɗin nukiliya a birnin Hiroshima na Japan. Niyyarsu su nuna Enola Gay, jirgin da ya saki bam ɗin ran 6 ga Agusta 1945, tare da hotunan waɗanda suka ƙone da kwanon abincin wata 'yar makaranta, shinkafar ciki ta zama gawayi. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji suka ce atafau, 'yan majalisa suka mara musu baya. Aka yi ta gyara rubutun har aka soke shirin a Janairun 1995, shugaban gidan Martin Harwit ya ajiye aiki. Wallahi Amurka ta ɓoye tarihinta.

Ɗan Fagge: Ɓoye fa ka ce, Yaya? A shekarar aka fito da gaban jirgin mutane suka gani. Tun 2003 ga shi can ɗungurungum a reshen gidan da ke Virginia. Haka ake ɓoye abu?

Hajiya Babba: Ɗana, ka nuna wuƙa ka rufe gawa da zane, me sunan wannan? Kwanon yarinyar nan fa ba a kawo shi ba.

Ɗan Fagge: Cirewa ce, Hajiya. Cirewa daban, ɓoyewa daban.

Malamin Tarihi: Ku ba ni minti ɗaya. Baje koli daga rubutu yake farawa: ma'aikatan gidan su tsara labarin, masana su duba, sannan a zaɓi kaya. Mafi yawan kuɗin Smithsonian daga gwamnatin tarayya yake fitowa, shi ya sa tsawar majalisa ta yi tasiri. Abin da ya ƙarasa shirin shi ne ƙiyasin sojojin Amurka da za su mutu ko su jikkata in da an mamaye Japan ta ƙasa maimakon jefa bam ɗin. Gidan ya so rubuta 63,000, tsofaffin sojoji kuwa sun riƙe ɗaruruwan dubbai.

Na Kurmi: Malam, bar dogon Turanci. Ɓoyewa ce ko ba ɓoyewa ba?

Maman Ilham: Shi Ɗan Fagge ai dole ya kare Amurka, ƙanensa na karatu a can.

Ɗan Fagge: Anti, ki bar iyalina a ciki. Ke da kike yi wa Japan kuka, me suka yi wa mutanen Nanjing a 1937?

Na Kurmi: Ka ce wa Hajiya "cirewa daban" kamar kana karantar da 'yar firamare. Ka ba ta haƙuri tukuna.

Ɗan Fagge: Ban zage ta ba. Ni ɗin ɗanta ne, ita ta faɗa.

Baban Walid: Ni dai maganar yarinyar nan na kawo, ba wanda ya sake ambatarta in ban da Hajiya.

Shugaban Zaure: To, mu tsaya nan. Abin da na fahimta, jama'a sun yarda ɓoyewa aka yi, kamar yadda Hajiya ta bayyana da hujja mai ƙarfi. Mutum ɗaya ne ya ƙi, kuma kowa ya ji dalilinsa. Malam ya kawo wasu alƙaluma, mun gode. Ɗan Fagge, ka kira Hajiya kafin magariba.