Muƙamin Várhelyi a Tarayyar Turai: "faɗaɗa" za mu ce ko "karɓa"?

1/ Jiya da daddare ina fassara taƙaitaccen tarihin Olivér Várhelyi, jami'in diflomasiyyar ƙasar Hungari, sai na tsaya cak a kan sunan muƙamin da ya riƙe daga 2019 zuwa 2024. Da Turanci ana ce masa Commissioner for Neighbourhood and Enlargement. Na rubuta na goge har sau huɗu, shayina ya huce a kofi. Masana fassara, ku matso mu sa kai.

2/ Ga mutumin a taƙaice. An haife shi a birnin Szeged a 1972, ya karanta shari'a, kuma mafi yawan rayuwarsa ta aiki a Brussels ya yi ta. Daga 2015 zuwa 2019 shi ne wakilin dindindin na Hungari a Tarayyar Turai. Da majalisar dokokin Tarayyar ta ƙi amincewa da László Trócsányi, wanda Hungari ta fara gabatarwa, sai aka kawo shi a madadinsa, ya kama aiki a Disamban 2019 ƙarƙashin shugabar Hukumar Tarayyar Turai, Ursula von der Leyen.

3/ Rabin farko na sunan bai wahalar da ni ba. Maƙwabtaka ce, kuma kalmar ta zauna daram. Wannan ɓangare ya shafi ƙasashen da ke kewaye da Tarayyar: ta gabas irin su Armeniya da Azarbaijan, ta kudu kuma Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libiya da Masar. Ana hulɗar kasuwanci da su, ana ba su tallafi, ana maganar iyakoki da baƙin haure, amma ba a yi musu alkawarin shiga ba. Maroko ma ta taɓa neman shiga a 1987, aka ce mata ba ƙasar Turai ba ce.

4/ Rabi na biyun ne matsalar. Na ga wasu na rubuta "faɗaɗa Tarayyar Turai". Ni dai kunnena bai karɓa ba. Bahaushe in ya ji an faɗaɗa gona, abin da zai fara tambaya shi ne kuyyar wa aka ci. Faɗaɗa aikin mai ƙarfi ne, shi yake tura iyaka gaba. A nan kuwa ƙasar da ke waje ce take rubuta takardar nema, ta yi shekaru tana gyara dokokinta babi bayan babi, sannan kowace ƙasa da ke ciki sai ta amince. Ko guda ɗaya ce ta ƙi, magana ta tsaya.

5/ Hungari kanta ta bi wannan hanya. Ranar 1 ga Mayun 2004 ta shiga tare da wasu ƙasashe tara. Ta ƙarshe da aka buɗe wa ƙofa ita ce Kuroshiya, a Yulin 2013. Don haka ni abin da na rubuta shi ne "karɓar sababbin ƙasashe".

6/ Wani dattijo, tsohon mai fassara labarai a gidan rediyo, ya amsa mini da safe: "Ɗana, karɓa ta yi, amma ka lura. Su Turawan da gangan suka zaɓi kalmar da ke nuna gidan ne yake girma. Rasha ma abin da take ƙorafi a kai ke nan, cewa ana matso mata. In ka cire faɗaɗa gaba ɗaya, mai sauraro ba zai gane dalilin rigimar ba."

7/ Baba, Allah ya ƙara girma, wannan gaskiya ne kuma na ɗauka. To ina ganin mu raba aiki. A sunan muƙami mu ce karɓa, domin aikin ofishin ke nan: duba rahoton kowace ƙasa, a ga inda ta kai a gyaran kotuna da yaƙi da cin hanci. In kuma muna kawo maganar masu suka, sai mu bar musu faɗaɗa a bakinsu, tunda abin da suke nufi ke nan.

8/ Wata 'yar'uwa daga Maraɗi ta ɗago wata kalmar da ban ma kai kanta ba, wato candidate country. Ta ce: "Malam, don Allah a daina cewa ƙasa 'yar takara. Da wa take takarar?" Wallahi ta yi daidai. Takara kujera ɗaya ce mutane da yawa ke nema, ɗaya ya ci sauran su faɗi. Sabiya da Montenegro da Albaniya kuwa ba kujera ɗaya suke rububi ba, kowacce gwajinta daban.

9/ Abin ya fi kama da neman aure. An kai gaisuwa, iyaye sun karɓa, amma ba a sa rana ba. Turkiyya an karɓi tata gaisuwar tun 1999, aka fara tattaunawa a 2005, har yau tana zaure. A zamanin Várhelyi aka ba Yukiren da Moldoba wannan matsayi a Yunin 2022, watanni kaɗan bayan Rasha ta afka wa Yukiren, sai Bosniya a Disamban shekarar, Jojiya kuma a Disamban 2023. Babu ko ɗaya a cikinsu da ta shiga.

10/ 'Yar'uwar ta kawo "mai neman shiga". Na ce mata Hajiya, akwai saura, domin wadda ta miƙa takarda ba a ba ta amsa ba ita ma nema take, kamar Kosobo da ta miƙa tata a Disamban 2022. Muka tsaya a kan biyu: wadda ta miƙa takarda "mai neman shiga", wadda aka amince da nemanta "mai jiran shiga".

11/ Ga yadda na sa jimlar a fassarata: "Olivér Várhelyi ya riƙe muƙamin Kwamishinan Maƙwabtaka da Karɓar Sababbin Ƙasashe na Tarayyar Turai daga 2019 zuwa 2024, kafin a mayar da shi ɓangaren lafiya da walwalar dabbobi." Na karanta wa ƙanwata da ba ta bin labaran Turai, na tambaye ta mene ne aikin mutumin. Ta ce, "Shi ke kula da na kusa da su, da masu son shigowa."