Waɗanda suka bi tarin waƙoƙin Aretha Franklin daga farko har ƙarshe, ku zo mu ji

Mai Gyaran Rediyo: Salamu alaikum jama'a. Ɗan wana ya tura min tarin nan na mawaƙiyar Amurka Aretha Franklin da kamfanin Rhino ya fitar a 2021, faifai huɗu, waƙa 81. Ya fara da muryarta tana 'yar shekara 14 a cocin mahaifinta da ke Detroit, a 1956, ya gangaro har tsufanta. Na saka shi a shago ina aiki, kafin la'asar na fara tantama ko mace ɗaya ce ke wannan waƙar. Wa ya taɓa bin sa a jere ba tsallake? Yaya kuka ji?

Tsohon Hedimasta: Wa alaikumus salam. Ku kun samu gata. Mu kaset muka sani, wanda na saya a Sabon Gari lokacin ina sabon malami. An rubuta masa cewa shi ne fitattun waƙoƙinta, amma duk abin da ke ciki na shekarunta a kamfanin Atlantic ne, daga 1967 zuwa tsakiyar shekarun 1970. Dalili kuwa, kowane kamfani nasa yake riƙewa. Ta yi Columbia daga 1960 zuwa 1966, sai Atlantic har 1979, sannan Arista. Wanda ya tashi haɗa tari, abin da ke rumbunsa kawai yake zubawa, shi ya sa mutum zai shekara ashirin yana jin ta bai san ta taɓa yin jaz ba. Kaset ɗin nan rediyo ta tauna shi, na yanke wurin na manne da jan farcen matata. Har ya mutu, in an zo tsakiyar "Think" sai ta yi tsalle ta wuce baiti guda.

Direban Dare: Baba Hedimasta, ni da za a bi tawa, a bar shi a inda kaset ɗinka ya tsaya. Ina jin tarin a mota in na taso daga Kano da daddare. Na Columbia akwai murya, amma goge ya yi yawa, barci yake sa ni, kuma direba ba ya wasa da barci. Da jitar "Chain of Fools" ta shigo sai idona ya buɗe tar. Na shekarun 1980 kuwa, gangar inji ce tas tas, ban san me ta je nema a can ba.

'Yar Kwaya daga Jos: Yayana direba, ka yi haƙuri, ka saurara da kunnen mota ne. Ni a coci na tashi ina amshi, kuma abin da na ji a waƙar 1956 ɗin shi na ji har ƙarshe. Yarinya ce, fiyano kawai a gabanta, mutane na amsa mata daga kan benci, tana jan kalma ɗaya har sai ka ji numfashinka ya ƙare kafin nata. A Columbia sau da yawa wani ake ba fiyanon. Da ta koma Atlantic, furodusa Jerry Wexler ya kai ta wani situdiyo a garin Muscle Shoals a jihar Alabama a watan Janairun 1967, ta zauna ta kaɗa da hannunta, makaɗan suka bi bayanta. Ku sake jin "I Never Loved a Man", za ku ji ita ke jan ragamar. "Respect" ma ai ta Otis Redding ce tun 1965, ita ta juya ta, 'yan uwanta Erma da Carolyn suka yi mata amshi. Abin da kawai ya dame ni da kowane irin tari shi ne yadda ake gutsuro faifanta Amazing Grace, wanda ta ɗauka a wata coci a Los Angeles a 1972 tare da mawaƙin coci James Cleveland. Wannan faifan ba a jin sa a gutsure. Na taɓa kunna wa 'yan kwayarmu waƙa ɗaya daga ciki, shugabarmu ta ce a kashe, a nemo shi gaba ɗaya tukuna.

Auta: Ni fa ta baya na shigo. Farkon ganina da ita a talabijin ne, ranar rantsar da Obama a 2009, da wannan babbar hula. Don haka muryar da na saba da ita mai kauri ce, ta 1967 ce ta zo min baƙuwa. Kuma Kawu direba, waƙarta da George Michael ta 1987 ta hau lamba ɗaya a Amurka da Ingila, a shekarar ce ma ta zama mace ta farko da aka saka a zauren karrama fitattun mawaƙa na Rock and Roll Hall of Fame. A 1998 mawaƙin opera Pavarotti ya kasa fitowa a bikin Grammy saboda rashin lafiya, ita ta tashi ta rera waƙar opera ɗin a madadinsa.

Direban Dare: Auta, ban ce ba ta iya ba. Gangar ce ba na so.

Maman Biyu: Ku kuna ta gardama, ni ko jerin ban samu ba. Mai tura waƙa na kai wa memori, ya zuba min su ta harafin sunansu. Yanzu ka ji tsohuwa, an jima ka ji 'yar yarinya, ƙarar ma wata sama wata ƙasa, ina girki ina gudu wajen rage murya.

Mai Gyaran Rediyo: Hajiya, wannan mai sauƙi ne. Ki ce ya raba su jaka huɗu, ya sa lamba a gaban sunan kowace waƙa, 01, 02, haka har ƙarshe. In ya fara da 1 babu sifili, waƙa ta 10 za ta riga ta 2 fitowa.